Hatimi a hannunta, akwatin kuɗi a hannun wasu: zangon farko na wata daraktar firamare a Maradi

Makarantar tana bakin garin Maradi, cikin irin unguwannin nan da suka tsiro a tsakiyar gonaki, inda gidaje kan riga hanya da famfo isowa. Aji tara gare ta, biyar na gini, huɗu na zana. Ɗalibai 540, malamai 11, takwas mata, uku maza, kuma fiye da rabinsu ƴan kwantiragi ne. Lamarin da za a bi a nan misali ne da aka harhaɗa daga abubuwan da aka saba gani a makarantun jahar, alƙaluman makarantar kuma an daidaita su ne don lissafi ya fito fili, tunda farashin zana da itace ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya taɓa riƙe makaranta a wannan yanki zai gane wurin.

A watan Satumba takardar naɗi ta fito, aka ba wata malama shugabancin makarantar. Shekararta 14 tana koyarwa, ta fito daga makarantar horon malamai, cikakkiyar ma'aikaciyar gwamnati ce, kuma shekara biyar a jere ita ke riƙe da CM2, ajin fita. Ta fuskar cancanta babu abin cewa.

Irin wannan naɗi ba kullum ake ganinsa ba, kuma dalilin yana cikin yadda ake rarraba malamai. A cikin birni mata sun fi maza yawa a azuzuwan firamare, saboda matar aure takan nemi a kawo ta inda mijinta yake, mazan kuwa a birni suke. Kujerun darakta na birni kaɗan ne, masu nema da yawa, galibi kuma waɗanda suka daɗe a kai ba sa tashi. Inda kujera ke samuwa cikin sauƙi shi ne ƙauyukan Dakoro, Mayahi, Tasawa ko Gazawa, inda sau da yawa babu gidan malami, ko kuwa yankin Madarunfa da Gidan Rumji, inda matsalar ƴan bindiga ta bakin iyaka ta sa ko namiji sai ya yi tunani biyu. Namiji yakan fara darakta a ƙauye mai aji uku, ya tara shekaru, ya shigo birni da sunansa na darakta. Mace takan tsaya a aji ɗaya a birni har ta yi ritaya. Dokar kason mata ta shekarar 2000, wadda aka ƙara wa ƙarfi a 2019 ta kai kashi 25 cikin ɗari a muƙaman zaɓe da kashi 30 a na naɗi, manyan muƙaman ƙasa ta shafa. Ba ta sauko har teburin daraktan firamare ba.

Ranar miƙa aiki

Yadda ya kamata a yi shi ne, mai barin gado da mai karɓa su zauna gaban wakilin ofishin sufeto, a ƙirga komai da ido: babbar rajistar ɗalibai, rajistar kiran suna ta kowane aji, bencina, littattafai, kwalayen alli, mabuɗai, hatimi, da littafin kuɗin kwamitin makaranta. Abin da aka gani shi ake rubutawa, sannan a sa hannu.

Ba haka aka yi ba. Tsohon darakta yana sauri zai kama sabon wurinsa, ya miƙa mata mabuɗai da hatimi a gindin bedi, ya ajiye takarda mai cewa benci 120, ta sa hannu. Bayan mako guda ta ƙirga da kanta: 87 masu zaunuwa, 19 karyayyu, 14 babu su babu dalilinsu. An ce aro aka yi ta bayarwa, yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi wa'azi, wasu ba su dawo ba.

Me ya hana ta ƙirgawa a gabansa? Kunya. Ya girme ta, shi ne shugabanta har jiya, kuma ƙirga kaya a gaban babba kamar ce masa ɓarawo ne. Sabon darakta namiji ma zai ji nauyin nan, amma yana da hanyar kauce masa: ya mayar da abin raha, ya ce "Mushe, mu zaga mu gani don kada a ce mun yi zumunci da kayan gwamnati." Mace idan ta yi haka, labarin da zai zaga unguwa shi ne ba ta da kunya, tun ba a je ko'ina ba ta fara ɗaga kai. Maganin wannan ba ƙarfin hali ba ne, kasancewar mutum na uku ne. Idan wakilin sufeto yana tsaye, shi ke cewa a ƙirga, nauyin ya sauka daga kanta. Sabuwar darakta tana da damar ta ce ba za ta sa hannu ba sai ya zo, kuma jinkirin kwana uku ya fi sa hannu a kan benci 14 da ba ta taɓa gani ba.

Lissafin zana

An buɗe makaranta a farkon Oktoba da ɗaki biyar da aji tara. Azuzuwan zana na bara an kwance su kafin damina, abin da ya rage gara ta ci, awaki sun ƙarasa. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka tsarin yake a duk ƙasar: ba a samun sabuwar zana da araha sai ruwa ya ɗauke, gamba ta bushe, an gama girbi, mutane sun sami hannu. Ajin zana yakan makara a farkon shekara, ruwan Yuni kuma ya tashe shi tun kafin a rufe. A 2021 hukumomi da kansu sun yi maganar aji kusan 36,000 na zana a Nijar.

Ga abin da aji guda ke ci a wannan misali. Zana 14, kowace jika biyu da rabi (jika ɗaya sefa dubu ce), jika 35 ke nan. Dirkoki da sandunan sama jika 15. Igiyar kaba da waya jika uku. Ladan masu kafawa jika bakwai. Duka jika 60, aji huɗu jika 240. Gudummawar da iyaye suka saba bayarwa dala ɗari ce kan kowane yaro, wato sefa 500. Da duk ɗalibai 540 za su biya, da an sami jika 270, a yi zana har a sayi alli. Ba a taɓa yin shekarar da kowa ya biya ba, kuma ba a korar yaro don bai biya ba, tunda gudummawa ce, ba kuɗin makaranta ba.

Wannan kuɗi ba a hannun darakta yake ba. Tun farkon shekarun 2000 Nijar ta ɗora tafiyar da irin waɗannan ayyuka a kan kwamitin makaranta, wanda a takarda ake kira CGDES yanzu, amma bakin mutane bai bar tsohon sunan COGES ba. Shugaban kwamiti da ma'aji daga cikin iyaye ake zaɓensu, ƙungiyar iyaye mata, AME, tana da wakiliya, darakta kuwa shi ne magatakarda. Tsarin yana da kyau a tushensa: al'umma ta zaɓi mutanenta da ƙuri'ar sirri, a tsara ayyukan shekara a babban taro, a dawo a faɗa wa jama'a abin da aka kashe. Amma idan aji bai tashi ba, ofishin sufeto ba shugaban kwamiti yake kira ba. Darakta yake kira.

Bayan lisha

A nan ne bambancin mace da namiji ya fi fitowa, kuma ba a cika rubuta shi a rahoto ba, don ba ya kama da wariya. Shugaban kwamitin wani dattijon ɗan kasuwa ne, ma'aji mai shago ne a bakin titi, su da mai unguwa masallaci ɗaya suke salla. Shekara da shekaru maganar makaranta a ƙofar masallacin nan ake yin ta, bayan lisha, a kan tabarma. Tsohon darakta yana cikin sahu, ana idar da salla zai gyara zama, a yanke magana cikin minti goma. Babu wanda ya shirya haka don ya ware wani, sauƙi ne ya kawo shi.

Sabuwar darakta ba za ta zauna a wannan tabarma ba. Ko da ta so, ba ta da fuskar da za ta nemi izinin mijinta ta fita da dare zuwa majalisar maza, kuma ranar da ta yi haka ta gama da mutuncinta a unguwar. Sai abin ya koma kamar haka: da safe shugaban kwamiti ya leƙo ofis ya ce, "Ɗiyata, jiya mun gama magana, ki rubuta." Ta ce, "To, Baba Alhaji." Ta rubuta bayanin taron da ba ta halarta ba, ta buga hatimi. Wakiliyar iyaye mata ma ba ta sani ba. Shugabancin jeka-na-yi-ka ke nan, kuma takardun duk suna nan daidai, wanda ya duba fayil ba zai ga aibi ba.

Ta yi ƙoƙarin karya wannan ta hanyar kiran babban taron iyaye, amma ta yi kuskure biyu. Ta sa taron ranar Litinin da hantsi, alhali Litinin da Juma'a ranakun kasuwar Maradi ne. Sannan ta aika da saƙo ta bakin yara, ba ta bi ta wurin mai unguwa da limamai ba. Mata kusan talatin suka zo, maza ba su kai goma ba, shugaban kwamiti ya aiko cewa yana da baƙi. Taron da maza ba su zo ba, a idon unguwa, ba a yi shi ba. Mai unguwa kuma ya riƙe abin a ransa, don ya ji labarin taro a cikin unguwarsa daga bakin jikansa.

Duk da haka an fara karɓar gudummawa ta tsohuwar hanya: yaro ya ba malamin ajinsa, malami ya kai wa darakta, darakta ta kai wa ma'aji. Ba rasit a ko'ina. Lissafin malamai ya nuna yara 310 sun biya, jika 155. Ma'aji ya ce jika 130 ya gani. Jika 25 sun ɓace tsakanin hannu uku, kuma mai yiwuwa ba wanda ya zauna ya sace su: wata malama ta ranta ta sayi magani da niyyar mayarwa idan kuɗin kwantiragi ya fito, shi kuwa ya saba makara, an sayi alli daga ciki ba a rubuta ba, ma'aji yana zuba kuɗin a aljihun da yake ba da canjin shago. Amma unguwa ba ta bin wannan dogon bayani. A makon ne darakta ta sa sabuwar atamfa zuwa wani biki, kafin la'asar magana ta kai bakin rijiya cewa Madan ta ci kuɗin zana. Biyan gudummawa ya tsaya cak.

Wa zai shiga zana

Ranar 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare a birnin Maradi, yara aƙalla 25 suka rasu, ƴan shekara biyar zuwa shida. A watan Afrilu na shekarar ma an rasa yara 20 ta irin wannan hanya a Yamai. Bayan ta Maradi gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara a ajin zana. Duk daraktan da ke garin nan yana kwana da wannan a ransa.

Saboda haka ta zo da sharuɗɗa. Kada a haɗa rumfunan a jere, a bar tazarar taku goma ko fiye tsakanin kowace biyu. Kowace ta sami ƙofa biyu masu faɗi, ɗaya gaba ɗaya baya, kada a sa benci a bakinsu. A nisanta su da inda masu tuyar ƙosai da awara ke hura wuta, a lura kuma da inda iskar hunturu ke fitowa, wato gabas da arewa, kada murhu ya kasance ta can. A share busasshiyar ciyawa a kewaye, a ajiye bokitin rairayi da tulun ruwa a kowace ƙofa. Mafi muhimmanci, ƙananan yara, ƴan CI da CP, wato ajin farko da na biyu, su koma ɗakunan gini, manya su shiga zana, don ɗan shekara goma sha ɗaya ya san ya ruga, ɗan shekara shida kuwa ƙarƙashin benci yake shiga.

Kwamiti bai so rabawar ba, kuma hujjarsa ta kuɗi gaskiya ce: rumfa huɗu a jere suna raba bango uku, kowane bango zana uku, an tsira da zana tara, jika 22 da rabi. Ga mai riƙe da jika 130 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maganar canjin ɗaki kuwa cikin malamai ta tayar da ƙura. Al'adar makarantar ita ce manyan azuzuwa da tsofaffin malamai su ke da gini, sababbin ƴan kwantiragi mata da ƙananan yara su ke zana. Akwai wani malami mai shekara 26 a aiki, yana riƙe da CM1, ajin da ke kafin na fita, kowa ya san shi ya sa rai da kujerar. Sabon tsarin ya fitar da shi daga ɗakinsa na shekaru. Bai yi gardama a fili ba. Ya daina kawo littafin shirin darasi a sa masa hannu, ya koma isowa bayan an ɗaga tuta, abin da yake so kuma ya wuce kai tsaye ofishin sufeto, inda abokan karatunsa suke. Idan ta yi magana sai ya ce, "Madan, lokacin da na fara riƙe alli kina aji nawa?"

Ikon darakta a kan malami ɗan kaɗan ne. Ba ta ɗauka, ba ta kora, ba ta biyan albashi, ba ta canja wa kowa wurin aiki. Abin da ke hannunta shi ne rajistar zuwa aiki, duba littafin shirin darasi, takardar neman bayani, da rahoto zuwa sama. Ta yi mako uku ba ta yi amfani da ko ɗaya ba, don tana gudun a ce ta wulaƙanta sa'an babanta. Wannan jinkiri ya fi rashin biyayyar tasa ɓarna, saboda sauran malamai suna kallo, sun kuma gane cewa ƙa'ida tana da wanda take tsallakewa.

Kada kuma a ɗauka malamai mata za su tsaya mata don jinsi ɗaya ne. Jiya tare suke cin abinci a kwano ɗaya, suna zubin adashi, yau ita ke rubuta wadda ta makara. Neman izini ya yawaita: awon ciki, yaro ba lafiya, sunan ƙanwa, gaisuwar mutuwa a Tibiri. Kowace da hujjarta ta gaskiya, kowace kuma da kalma ɗaya take rufe bakinta: "Haba Madan, ke ma fa uwa ce." Darakta namiji ba a yi masa wannan magana. A cikin zangon malamai biyu suka tafi hutun haihuwa, mako 14 kowace, ba a aiko da madadi ba. Darakta ta ɗauki aji ɗaya da kanta, aka haɗe ɗayan da maƙwabcinsa. Daga nan tana gaban allo tun safe har rana, iyaye na jira a ƙofar ofis, takardun ƙididdigar farkon shekara na jira a tebur, sai dare ta cika su bayan ta sauke tukunya. Ranar da girki ya faɗo kanta, ko hakan ba ta samu.

Ɗiyar CM2

A tsakiyar wannan rikici wata yarinya ƴar shekara 13 ta yi kwana takwas ba ta zo ba. Rajistar kiran suna ce ta nuna, ƙawayenta suka ce an kawo kayan sa rana. Binciken ƙasa kan lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matasan matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jahar Maradi kuwa kashi 89. Akwai dokar gwamnati ta Disamba 2017 da ta tanadi kare karatun ƴa mace har ta kai shekara 16.

A nan kasancewarta mace ya buɗe mata ƙofar da tsohon darakta bai taɓa shiga ba. Gidan irin wanda ake rubuta "ba a shiga" a zaurensa ne, ita kuwa ta yi sallama ta wuce har ɗakin uwar. Ta ji abin da namiji ba zai ji ba: uwar ba ta so, amma baffan yarinyar ne ya ba da ita, kuma an riga an taɓa kuɗin. Sai dai ɗakin da ta iya shiga ba nan ake yanke hukunci ba, zauren da ake yankewa kuma ba ta da wurin zama a cikinsa. Da ta je ta karanta wa uban doka, da ta rasa yarinyar da gidan gaba ɗaya. Sai ta bi ta shugabar iyaye mata, wata dattijuwa da ta yi wa rabin unguwar wankan jego, ita ta kai maganar ga mai unguwa. An ɗaga bikin zuwa bayan ƙarshen shekarar karatu. Ɗagawa aka yi, ba fasawa ba.

Inda abin ya juya

Wannan zuwa wurin mai unguwa shi ya warware ɗaurin, ko da yake ba don zana aka je ba. Mai ba da shawara kan koyarwa na yankin ya zo zagaye a farkon Nuwamba, ya tarar da yara 90 a gindin bishiya, ya saurari bayani, ya ce ta je wurin mai unguwa da kanta da maganar makaranta, kada ta je ita kaɗai. Ta tafi da dattijuwar da ƙullin goro, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure da na kira taro ban zo na gaishe ka ba. Makarantar taka ce." Wani zai ce ta ƙasƙantar da kujerarta. A ganinmu wannan ce gaisuwar da ya kamata ta yi tun makon farko, kuma duk sabon darakta, mace ko namiji, da ita yake farawa.

Mai unguwa ya sa aka yi shela a masallatai ranar Juma'a, aka yi taro ranar Lahadi bayan la'asar a filin makaranta, maza a gefe ɗaya, mata a gefe ɗaya. Abu na farko da ta yi shi ne ta sa aka fito da allo, ta rubuta lissafin gaba ɗaya da alli, ta karanta shi da ƙarfi saboda waɗanda ba sa karatun boko: abin da malamai suka karɓa, abin da ma'aji ya gani, da giɓin jika 25, ba tare da ta kama sunan kowa ba. Wanda ya ci kuɗi ba ya rubuta giɓi a allo, jama'a sun gane haka.

A taron aka tsayar da cewa malami ba zai ƙara taɓa kuɗin gudummawa ba. Ma'aji zai zauna a ƙofar makaranta safiyar Talata da Alhamis da littafin rasit mai kwafi, ɗaya ga uba, ɗaya ya zauna a littafi. Kuɗin zai shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin wakiliyar iyaye mata. Matan ne suka kawo wannan shawara, kuma ba abin mamaki ba ne: ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara a jahar Maradi aka fara su a 1991, matan unguwa sun daɗe da sanin akwatin da mutum ɗaya ba ya iya buɗewa, da ƙirga kuɗi a bainar jama'a. Makaranta ce ba ta taɓa tambayarsu ba.

Aka kuma yarda kwamiti zai riƙa zama a filin makaranta, Asabar ta farkon kowane wata da safe, kuma abin da ba a faɗa a wannan zama ba magatakarda ba za ta rubuta shi ba. Ba a hana hirar bayan lisha ba, ba wanda zai iya hana ta. Abin da ya canja shi ne yanzu sai an kawo maganar inda hatimi yake. Game da raba rumfuna, wani uba ne ya miƙe ya ambaci gobarar 2021, wurin ya yi tsit, maganar jika 22 da rabi ba ta ƙara tashi ba.

Iyayen yara 140 suka ƙara biya, jika 70, kuɗin hannu ya zama jika 200. Waɗanda ba su da kuɗi suka kawo dirkoki, matasan unguwa suka kafa ba lada, aji guda ya sauko jika 48, huɗu jika 192. Jika takwas da suka rage aka sayi bokitai da tuluna. Yara 90 ba su biya komai ba, ba kuma wanda aka mayar gida. An shiga azuzuwan a makon ƙarshe na Nuwamba, kusan mako takwas bayan buɗewa, a shekarar karatun da duka-duka wata tara ce.

Batun tsohon malamin da sulhu aka kashe shi, sulhun kuma yana da wanda ya biya kuɗinsa. Ta kira shi ofis ita da mai ba da shawara, ta ba shi CM2, ajin da ta bari, wanda shi kaɗai ne babban aji da ya rage a gini, ta kuma ce shi zai riƙe makaranta duk ranar da ba ta nan. A madadin haka littafin shirin darasinsa zai riƙa zuwa tebur kamar na kowa. Ya karɓa. Matashiyar malamar da aka fara ba CM2 a Oktoba, wadda ta fi shi shirya darasi nesa ba kusa ba, ita aka mayar CM1 cikin zana. Ba ta ce komai ba, amma ta daina zuwa cin abinci a ofis.

A watan Disamba aka kira daraktoci horon kwana biyar a wani gari, da kwana a can. Mijinta ya ce yaron goye fa, wa zai riƙe. Ba ta je ba, tsohon malamin ya tafi a madadinta, sunansa ne kuma ya shiga takardar waɗanda suka sami horon. Jika 25 ba a gan su ba har aka rufe zango. Makarantar ba ta da ɗakin ajiya, don haka tun yanzu akwai tambayar inda za a jingine zana 56 idan an kwance su a Yuni, gidan shugaban kwamiti ko bayan ajin CI. Takardar miƙa aiki da ke ofishin sufeto kuwa har yanzu benci 120 take cewa, da sa hannunta a ƙasa.